John Locke

John Locke (an haife shi ranar 29 ga watan Agusta, 1632, ya rasu ranar 28 ga watan Oktoba, 1704) masanin falsafa ne kuma likita ɗan ƙasar Ingila. Ana lissafa shi cikin mutanen da tunaninsu ya zama tushen mulkin dimokuraɗiyya na zamani, musamman ra'ayinsa cewa mulki amana ce da jama'a suke damƙa wa shugabanni bisa yardarsu, kuma suna da ikon karɓe ta idan aka ci ta. Manyan littattafansa guda uku, wato A Letter Concerning Toleration, da Two Treatises of Government, da An Essay Concerning Human Understanding, duk sun fito ne a shekarar 1689, bayan ya haura shekara 56 da haihuwa. Biyun farko sun fito babu sunansa a kansu, kuma bai amsa a fili cewa shi ya rubuta su ba sai a cikin wasiyyarsa.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Locke a ƙauyen Wrington da ke yankin Somerset, kusa da birnin Bristol, ya kuma tashi a Pensford. Mahaifinsa, wanda shi ma sunansa John Locke, lauya ne na karkara, mahaifiyarsa kuwa sunanta Agnes Keene. Gidansu na Kiristoci Furotesta ne masu tsananin riƙo da addini. Yana ɗan shekara goma yaƙin basasa ya ɓarke a Ingila a 1642 tsakanin Sarki Charles na Ɗaya da majalisar dokoki, mahaifinsa ya shiga ɓangaren majalisa a matsayin kyaftin na sojan doki a ƙarƙashin wani attajirin yankin kuma ɗan majalisa mai suna Alexander Popham. Popham ɗin ne ya samar wa yaron gurbi a makarantar Westminster da ke Landan a 1647, inda ya koyi harsunan Latin da Girkanci da Ibrananci. Yana wannan makaranta aka fille kan sarkin a watan Janairun 1649 a Whitehall, wurin da ba shi da nisa da ajinsu.

A 1652 ya shiga kwalejin Christ Church ta Jami'ar Oxford. Ya sami digiri na farko a 1656, na biyu a 1658, sannan ya zauna a kwalejin yana koyar da Girkanci da balaga. Karatun falsafar Aristotle irin yadda ake koyar da shi a lokacin bai gamsar da shi ba, don haka ya karkata ga likitanci da kimiyyar gwaji, ya yi aiki tare da Robert Boyle da Richard Lower. A kwalejin kuma akwai Edward Pococke, farfesan Larabci wanda Locke yake girmamawa ƙwarai. Ɗan Pococke ne ya fitar da fassarar Latin ta littafin Hayy ibn Yaqzan na Ibn Tufail a 1671, wasu masana kuma suna ganin labarin ya taɓa tunanin Locke kan yadda ɗan Adam yake samun sani.

Locke na wancan lokacin mai goyon bayan ikon hukuma ne. A rubuce-rubuce biyu da ya yi tsakanin 1660 da 1662, bayan an maido da sarauta a hannun Charles na Biyu, ya kare ikon hukuma na tsara wa mutane yadda za su yi ibada a al'amuran da nassi bai yanke ba, saboda yana ganin saɓanin addini ne ya jefa ƙasar cikin yaƙi. Bai buga su ba, sai a 1967 aka wallafa su. A ƙarshen 1665 ya raka wata tawagar jakadanci zuwa garin Cleves a ƙasar Jamus ta yau, inda ya ga mabiya ɗariƙun Kirista daban-daban suna zaune lafiya a gari ɗaya, abin da ya ba shi mamaki har ya rubuta wa Boyle labarinsa.

Zama da Shaftesbury

A 1666 ya haɗu da Anthony Ashley Cooper, wanda daga baya aka naɗa Earl na Shaftesbury, ɗaya daga cikin manyan 'yan siyasar Ingila. Shekara ɗaya bayan haka ya koma gidansa a Landan a matsayin likita da mai ba da shawara. A 1668 Ashley ya kwanta da ciwon hanta, Locke ya jagoranci tiyatar da aka yi masa, aka sa masa bututun azurfa da ruwan ciwon ke fita ta ciki. Ashley ya warke, ya kuma riƙa cewa a hannun Locke ya tsira. A wannan shekarar aka zaɓi Locke cikin ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society, yana kuma koyon duba marasa lafiya wurin likita Thomas Sydenham.

Zama a wannan gida ya sa shi cikin harkar mulki da ciniki. Ya zama sakataren masu mallakar yankin Carolina a Amurka ta Arewa, ya kuma riƙe sakataren majalisar ciniki da yankunan mallaka daga 1673 zuwa 1674. Ra'ayinsa kan addini ya juya tun a 1667, lokacin da ya rubuta wata maƙala mai goyon bayan a bar mutane su yi ibadarsu. Daga 1675 zuwa 1679 ya zauna a Faransa, galibi a Montpellier da Paris, saboda ciwon asma da ya addabe shi har ƙarshen rayuwarsa.

Da ya dawo ya tarar da ƙasar cikin rikicin gadon sarauta. Sarki Charles na Biyu ba shi da ɗa na aure, magajinsa shi ne ƙanensa James, wanda ɗan Katolika ne. Shaftesbury ya jagoranci masu neman majalisa ta yi dokar hana James hawa gadon mulki, su ne aka riƙa kira Whig. Sarki ya riƙa rushe majalisa duk lokacin da ta nufi zartar da dokar, daga 1681 kuma bai sake kiranta ba. A shekarar aka kama Shaftesbury bisa zargin cin amanar ƙasa, amma mutanen Landan da aka ɗora wa duba tuhumar suka ƙi amincewa da ita. Ya gudu Holand a 1682, ya rasu a Amsterdam a watan Janairun 1683.

Gudun hijira

A 1683 aka bankaɗo wata maƙarƙashiya ta kashe sarki da ƙanensa, aka shiga kame 'yan Whig. A watan Satumba Locke ya tsallake zuwa Holand. Tsoronsa yana da dalili: a watan Disamba aka kashe Algernon Sidney, bayan kotu ta karɓi rubutunsa kan mulki, wanda ba a ma buga ba, a matsayin shaida a kansa. A lokacin Locke ya riga ya rubuta mafi yawan nasa littafin mai kare haƙƙin jama'a na tumɓuke azzalumin sarki. A 1684 sarki ya ba da umarni aka kore shi daga matsayinsa na Christ Church, a 1685 kuma gwamnatin Ingila ta sa sunansa cikin waɗanda take neman Holand ta miƙa mata, har ya ɓuya na wani lokaci da sunan Dakta van der Linden.

Ya yi shekara biyar da 'yan watanni a can, a Amsterdam da Utrecht da Rotterdam, inda ya ƙulla abota da malamin addini Philipp van Limborch. A watan Oktoban 1685 Sarki Louis na 14 na Faransa ya soke dokar Nantes da ta ba Furotesta kariya, dubbansu suka kwararo Holand. Cikin wannan hali Locke ya rubuta wasiƙarsa kan haƙuri da addinin juna da harshen Latin. A watan Nuwamban 1688 William na Orange ya sauka Ingila da runduna, James na Biyu ya gudu. Locke ya koma gida a watan Fabrairun 1689 cikin ayarin Gimbiya Mary, matar William.

Ra'ayinsa kan mulki

An daɗe ana ɗauka cewa Locke ya rubuta Two Treatises of Government ne domin halatta juyin 1688, sai a 1960 Peter Laslett ya nuna cewa an rubuta mafi yawansa tun lokacin rikicin gadon sarauta, wajen 1679 zuwa 1683. Ke nan littafin an yi shi ne don juyin da bai auku ba tukuna, marubucin kuma yana sane da cewa zai iya rasa ransa a kai.

Kashi na farko raddi ne ga Robert Filmer, wanda aka buga littafinsa Patriarcha a 1680. Filmer ya ce Allah ya ba Annabi Adamu mulkin duniya, sarakuna suka gada daga gare shi, saboda haka babu wanda aka haifa da 'yanci. Locke ya bi hujjojinsa daga Littafi Mai Tsarki ɗaya bayan ɗaya yana warwarewa, ya kuma nuna cewa ko da an yarda da maganar, babu mai iya tabbatar da wane ne magajin Adamu a cikin sarakunan zamaninsa.

Kashi na biyu, mai babi 19, shi ne wanda aka fi karantawa. Ya fara da halin da mutane suke ciki idan babu gwamnati. A ganinsa dukkansu 'yantattu ne kuma daidai suke, domin Mahalicci ɗaya ne ya yi su, bai kuma ɗora wani a kan wani ba. Wannan hali yana da dokarsa wadda hankali ke iya ganowa, ita ce ta hana mutum cutar da wani a ransa, ko lafiyarsa, ko 'yancinsa, ko dukiyarsa. A nan ya rabu da Thomas Hobbes, wanda a littafinsa Leviathan na 1651 ya ɗauki rashin gwamnati a matsayin yaƙin kowa da kowa, wanda ba ya da magani sai mai mulki da ba a ja da shi. Locke ya yarda cewa zama babu hukuma yana da illa guda uku: babu rubutacciyar doka da kowa ya sani, babu alƙali da ba ya da ɓangare, babu kuma ƙarfin zartar da hukunci, don haka kowa shi ne alƙalin kansa. Amma ya ce sarki mai cikakken iko bai magance wannan ba, tunda shi ma alƙalin kansa ne a duk rigimarsa da talakawansa, ga shi kuma da sojoji.

Mafita ita ce mutane su yarda su haɗu su zama al'umma ɗaya, kowa ya miƙa ikonsa na hukunta wanda ya zalunce shi ga al'ummar. Da zarar an yi haka, shawarar masu rinjaye ce take ɗaure kowa, domin jiki ɗaya ba ya tafiya fuska biyu, kuma jiran sai kowa ya amince zai rushe al'ummar tun ba ta je ko'ina ba. Ya bambanta yardar da aka furta da yardar da ake fahimta daga zaman mutum a ƙasa da cin moriyar dokokinta. Wannan ta biyun ita ce gaɓar da ta fi rauni a hujjarsa, kuma David Hume ya soke ta daga baya da cewa talakan da ba shi da halin barin ƙasarsa ba za a ce ya zaɓi zama a cikinta ba.

Al'umma ce take kafa majalisar yin doka, wadda ita ce hukuma mafi girma, sai dai ikonta riƙon amana ne mai iyaka. Dole ta yi mulki da dokoki tsayayyu da aka sanar, iri ɗaya ga mai kuɗi da talaka, da na fada da manomi. Dole manufar dokokin ta zama amfanin jama'a. Ba ta da ikon ɗora haraji sai da yardar jama'a ko wakilansu, ba ta kuma da ikon miƙa wa wani aikin yin doka, tunda ba nata ba ne balle ta bayar. Ya so a raba masu yin doka da masu zartar da ita, saboda mutum mai rauni ne, idan ya haɗa biyun zai cire kansa daga dokar da ya yi. Iko na uku a lissafinsa shi ne na yaƙi da sulhu da hulɗa da ƙasashen waje. Bai ware ɓangaren shari'a a matsayin reshe mai zaman kansa ba, Montesquieu ne ya yi wannan a 1748. Ya kuma bar wa mai zartarwa damar ɗaukar mataki inda doka ta yi shiru, ko ma saɓanin lafazinta, idan amfanin jama'a ya buƙaci haka, misali rushe gidan wanda bai yi laifi ba don tare gobara.

Babi na ƙarshe ya yi magana kan rushewar gwamnati. Idan mai mulki ya sa son ransa a madadin doka, ko ya hana majalisa zama, ko ya murɗe tsarin zaɓe, ko ya sayi wakilai da kuɗi da muƙami, ko ya miƙa ƙasar ga wata ƙasa, to ya ci amana, iko ya koma hannun jama'a, suna da haƙƙin kafa sabuwar hukuma ko da da ƙarfi. Tunda babu kotu a doron ƙasa da za ta raba sarki da jama'arsa, jama'ar ce mai hukunci, kamar yadda mai ba da amana shi ke duba ko an riƙe ta. Masu cewa wannan zai haifar da fitina kullum, Locke ya amsa musu da cewa mutane ba su da saurin barin abin da suka saba, suna jure kurakurai masu yawa, ba sa tashi sai zalunci ya jeru ya nuna inda aka dosa. Ya ƙara da cewa a irin wannan hali mai mulkin da ya karya doka shi ne ainihin ɗan tawaye.

Kan dukiya, ya ce ƙasa da abin da ke cikinta an ba 'yan Adam ne baki ɗaya, amma kowa shi ya mallaki jikinsa da guminsa, don haka abin da ya zuba wa guminsa ya zama nasa, muddin ya bar wa wasu isasshe mai kyau kamarsa, bai kuma tara abin da zai ruɓe a hannunsa ba. Ƙirƙirar kuɗi, wanda ba ya ruɓewa, ita ce ta buɗe ƙofar tara dukiya mai yawa, kuma a ganinsa mutane sun yarda da hakan tun da suka karɓi kuɗi.

Addini da sani

A wasiƙarsa kan haƙuri, wadda aka buga a Gouda a 1689 kuma William Popple ya fassara ta zuwa Turanci a shekarar, ya raba aikin hukuma da na coci. Hukuma tana kula da rai da lafiya da dukiya, makaminta kuma tilas ne. Imani kuwa yana zuciya, tilas ba ya samar da shi, iyakarsa ya samar da munafuki. Ya bayyana cewa bai kamata a hana Musulmi ko Bayahude ko mai addinin gargajiya haƙƙinsa na ɗan ƙasa saboda addininsa ba. Amma ya cire waɗanda ba su yarda da samuwar Allah ba, bisa hujjar cewa rantsuwa da alkawari ba sa ɗaure su, da kuma waɗanda addininsu ya sa su biyayya ga wani shugaba na waje, abin da masu karatu suka fahimta da nufin Katolika. Wani malamin Oxford mai suna Jonas Proast ya yi masa raddi, suka yi ta musayar rubutu har Locke ya rasu bai gama wasiƙa ta huɗu ba.

An Essay Concerning Human Understanding ya samo asali ne daga wata hira da abokai biyar ko shida a ɗakinsa wajen 1671, ya kuma ɗauke shi kusan shekara ashirin. A cikinsa ya musanta cewa ana haihuwar mutum da wasu ra'ayoyi a zuciya. Ya kamanta hankalin jariri da farar takarda, wadda gani da ji da taɓawa da kuma tunani a kan ayyukan hankali suke cikawa. Ya nuna cewa abin da mutum ya sani tabbas kaɗan ne, galibin rayuwa a kan rinjayen zato take tafiya. Wannan yana da alaƙa da siyasarsa, domin mai mulkin da saninsa ke da iyaka kamar na kowa ba shi da hujjar tilasta wa wasu abin da ya gaskata.

Ƙarshen rayuwa

Hayaƙin Landan yana tayar masa da asma, don haka daga 1691 ya koma Oates a yankin Essex, gidan Sir Francis Masham da matarsa Damaris, wadda ita ma marubuciyar falsafa ce kuma tsohuwar abokiyarsa. Daga can ya fitar da Some Thoughts Concerning Education a 1693 kan tarbiyyar yara, da The Reasonableness of Christianity a 1695. Ya rubuta wa abokinsa ɗan majalisa Edward Clarke hujjojin da suka taimaka wajen ƙin sabunta dokar tace littattafai a 1695. Daga 1696 zuwa 1700 ya zauna a hukumar ciniki ta ƙasa. Isaac Newton yakan ziyarce shi, suna tattauna kimiyya da Littafi Mai Tsarki. Bai taɓa aure ba, bai kuma bar ɗa ba. Ya rasu a Oates yana da shekara 72, aka binne shi a harabar cocin High Laver.

Tasiri da suka

An fassara kashi na biyu na littafinsa kan mulki zuwa Faransanci tun 1691, aka kuma buga shi a Boston a 1773. Ana ganin sawunsa a Sanarwar 'Yancin Kan Amurka ta 1776, wadda ta jingina halaccin gwamnati ga yardar waɗanda ake mulka, da Sanarwar Haƙƙin Ɗan Adam ta Faransa ta 1789. Thomas Jefferson ya lissafa shi tare da Francis Bacon da Newton a matsayin mutum uku da ya fi girmamawa. Masana tarihi irin su J. G. A. Pocock sun ce an zuzuta tasirinsa a kan juyin Amurka, wasu kuma sun ƙi wannan ra'ayi.

Idan aka auna shi da ma'aunin yau, da wuya a kira Locke ɗan dimokuraɗiyya. A wurinsa masu rinjaye suna iya zaɓar mulkin jama'a, ko na 'yan kaɗan, ko na sarki, duk halal ne muddin an riƙe amana. Ya koka da yadda garuruwan da suka zama kufai suke tura wakilai majalisa daidai da yankuna masu yawan jama'a, amma bai nemi a ba kowa ƙuri'a ba. Ya bar wa miji magana ta ƙarshe a al'amuran gida, Mary Astell kuma ta soki masu irin wannan ra'ayi da cewa sun ƙi mulkin kama-karya a ƙasa sun halatta shi a cikin gida. A shawarar da ya rubuta wa hukumar ciniki a 1697 ya nemi a riƙa kai 'ya'yan matalauta makarantun aikin hannu tun suna shekara uku.

Suka mafi nauyi ita ce ta bauta. Kundin tsarin mulkin Carolina na 1669, wanda ya yi aiki a kansa a matsayin sakatare, ya ba kowane ɗa cikakken iko a kan bayinsa baƙaƙen fata. Ya kuma mallaki hannun jari a kamfanin Royal African Company, wanda ke da babban sansani a Cape Coast da ke Ghana ta yau, yana jigilar bayi daga gaɓar Afirka ta Yamma zuwa nahiyar Amurka, kafin daga baya ya sayar da jarin. Littafinsa ya halatta bautar da wanda aka kama yana yaƙin zalunci kaɗai, ya kuma ce hukuncin ba ya hawa kan 'ya'yansa, sharaɗin da cinikin bayi na zamaninsa bai cika ba. Haka nan an yi amfani da ra'ayinsa cewa gumi ne ke jawo mallaka wajen ƙwace filayen 'yan asalin Amurka, da hujjar cewa ba sa noma su irin na Turawa. Masana sun rabu kan yawan hannunsa a kundin Carolina da kuma matsayinsa kan bauta a shekarun da ya yi a hukumar ciniki. Galibin muhawarar ta dogara ne da takardunsa da wasiƙunsa, waɗanda ya bar wa ɗan'uwansa Peter King, suka zauna a hannun zuriyarsa har ɗakin karatu na Bodleian da ke Oxford ya saye su a 1947.